Zaman Iyali: Wa Zai Riƙe Shi Bayan Ranmu?

A wannan wata za mu taɓa wata magana wadda yawancinmu ba mu son ji, amma ba makawa sai an yi ta.

Kwanan baya, bayan an tashi daga makaranta, wani dattijo ya iske mu muna tattara littattafai. Tela ne, ya daɗe a nan Isa. Ya zo riƙe da hannun ɗansa, yaro mai shekara goma sha huɗu, wanda sanƙarau ya kama tun yana ƙarami, ya bar shi da farfaɗiya da nauyin fahimta. Bayan mun gaisa, sai ya ce wa yaron ya je ya yi wasa a gindin dalbejiya. Sa'an nan ya rage murya ya ce, "Malam, idanuna sun fara gajiya da allura. Uwar yaron nan ma ba ƙarfi gare ta ba. In muka kwanta dama, wa zai riƙe shi? Wa zai riƙa saya masa ƙwayar nan da yake sha safe da yamma?"

Muka ce, "Baba, ai yana da 'yan'uwa." Ya yi murmushi ya ce, "Malam, mai ɗaki shi ya san inda yake yoyo."

Ya fi mu gaskiya. Tun daga ranar muke juya maganar, muka yi tambaya wurin masu sani, ga kuma abin da muka samo.

Yadda aka saba, da yadda abin ya sāke

A dā, in mutum yana da ɗa gurgu, ko makaho, ko kurma, ko mai taɓin hankali, yakan kira ƙanensa ya ce, "Ga shanu huɗu, ga gonar fadama, na bar maka amanar wance." Shi ke nan. Mai gari ya ji, maƙwabta sun ji, kowa yana wurinsa, kunya kuma tana aiki.

Yau fa? Duk wanda ke zaune tsakanin Isa da Sabon Birni ya san abin da ya same mu. 'Yan bindiga sun kore garke bayan garke. Gonaki da yawa sun gagara zuwa. Ƙauyuka sun watse, waɗansu mutane sun nufi Sakkwato, waɗansu sun ƙetare iyaka zuwa jihar Maraɗi. A watan Agusta na 2024 har Sarkin Gobir na Gatawa, Alhaji Isa Muhammad Bawa, ya rasa ransa a hannun masu garkuwa da mutane. In shaidu sun warwatse, dabbobi sun tafi, to, amanar baka a ina za ta tsaya?

Mun san wata yarinya da shan inna ya shanye wa ƙafafu. Ubanta ya bar ta a hannun ƙanensa, da shanu da gona, duk da baka. Ƙanen mutumin kirki ne, ya riƙe ta da gaskiya. Amma aka sace shanun a dare ɗaya, shi kuma bai daɗe ba ya rasu. Da 'ya'yansa suka tashi rabon gado, sai suka haɗa har da gonar, gama tun suna yara suke ganin ubansu yana nomanta. Ba wanda ya yi nufin mugunta. Takarda ce babu. Yau yarinyar tana zaman cin arzikin wata gwaggonta wadda ita ma da ƙyar take samun na tuwo.

Abin da doka ta ce

Waɗansu za su ce, ai gwamnati ta yi dokoki saboda naƙasassu. Gaskiya ne, kuma ya kamata kowane gida ya san su.

A 2014 aka yi Dokar Lafiya ta Ƙasa. Ita ta kafa asusun kula da lafiya a matakin farko, wanda za a riƙa zuba wa aƙalla kashi 1 cikin 100 na kuɗin shigar Gwamnatin Tarayya, domin talaka ya sami magani a ƙaramin asibitin mazaɓarsa. Sai a kasafin 2018 aka fara ware kuɗin. Dokar ta kuma hana asibiti ya ƙi duba mutumin da aka kawo cikin halin gaggawa.

A watan Janairu na 2019 Shugaba Muhammadu Buhari ya sa hannu a dokar hana nuna bambanci ga naƙasassu. Ta ce a ba su ilimi kyauta har sakandare. Ta ce mai larurar ƙwaƙwalwa ya sami magani kyauta a asibitocin gwamnati. Ta haramta a yi amfani da naƙasasshe wajen bara. Ta kuma tanadi takardar shaidar naƙasa, da hukumar ƙasa mai kula da al'amuransu, wadda aka kafa a 2020.

A watan Mayu na 2022 aka soke tsohuwar dokar inshorar lafiya, aka kawo sabuwa wadda ta wajabta inshora a kan kowa, ta kuma kafa asusu domin marasa ƙarfi: yara 'yan ƙasa da shekara biyar, da mata masu ciki, da tsofaffi, da naƙasassu, da matalauta. A jiharmu hukumar SOCHEMA ce ke rajistar jama'a. A Janairun 2023 kuma aka sa hannu a sabuwar dokar lafiyar ƙwaƙwalwa, wadda ta maye gurbin ta 1958.

Ku duba fa: cikin shekara tara, dokoki huɗu. Wannan abin godiya ne, amma akwai darasi a ciki. Abin da aka sāke sau huɗu cikin shekara tara, za a iya sāke shi kuma. Yaron tela yana da shekara goma sha huɗu. In Allah ya ja kwanansa zai kai sittin. Gwamnati nawa za a yi kafin nan? Tsofaffinmu sun tuna lokacin da mishan ke riƙe da asibitin kutare na Amanawa kusa da Sakkwato, tun daga shekarun 1930, sun kuma ga yadda gwamnati ta karɓi asibitoci da makarantun mishan da yawa a shekarun 1970. A zamanin Gwamna Aliyu Wamakko aka fara ba naƙasassun jihar nan Naira 6,500 a wata. A lokacin kuɗi ne masu auki. Ku je kasuwar Isa yau ku ga abin da za su saya.

Ban da haka, abin da ke rubuce a Abuja dabam, abin da ake samu a kantar magani dabam. Doka ba ta biyan kuɗin mota zuwa asibitin ƙwaƙwalwa na Kware ko asibitin koyarwa na Sakkwato. Ba ta dafa tuwo, ba ta wanke tufa, ba ta tashi da tsakar dare in farfaɗiya ta buge yaro. Ku ma'aikata kuwa, ku lura: inshorar ma'aikatan tarayya tana ɗaukar ma'aikaci da matarsa da 'ya'ya huɗu waɗanda ba su kai shekara 18 ba. Naƙasa kuwa ba ta ƙarewa a shekara 18.

Saboda haka mu karɓi duk abin da doka ta ba mu, mu yi rajista, mu nemi hakkinmu ba kunya. Amma kada mu jingina ran yaro a kanta kaɗai.

Mene ne riƙon amana a rubuce?

Ga yadda yake. Uba ko uwa su ware wata dukiya, ko gida, ko gona, ko kuɗi, su danƙa ta da takarda a hannun waɗansu amintattu. Amintattun nan su ke juya dukiyar, amma ba tasu ba ce. Ba su da ikon cin ko kwabo. Duk amfanin da ta kawo na yaron ne, bisa ga sharuɗɗan da iyayen suka rubuta. In mai riƙon ya mutu, dukiyar ba ta shiga gadonsa. In ya ci bashi, masu binsa ba su da ikon taɓa ta. In ya ci amana, kotu tana da ikon tsige shi ta sa ya biya. Ana iya kafa ta tun mutum yana da rai, ana kuma iya rubuta ta cikin wasiyya ta fara aiki bayan rasuwa.

Wannan ba baƙon abu ba ne. Masu karanta Littafi Mai Tsarki sun san labarin Mefiboshet ɗan Jonatan, a 2 Sama'ila sura 9, wanda ya gurgunce tun yana ɗan shekara biyar. Sarki Dawuda ya mayar masa da gonakin kakansa Saul, ya sa Ziba da 'ya'yansa su riƙa noma su dominsa. Gona ta gurgu, aiki na Ziba. Amma ku ci gaba da karatu har sura 16 da 19, za ku ga yadda Ziba ya kai sūkar maigidansa wurin sarki a lokacin tashin hankali, har aka raba gonar biyu. Ashe tun zamanin dā, amana a hannun mutum ɗaya, ba mai duba shi, tana da haɗari. Maƙwabtanmu Musulmi ma sun san irin wannan tsari, suna da waƙafi, suna kuma naɗa wasiyyi ya kula da dukiyar maraya.

A Amurka abin ya yi nisa. Can, naƙasasshen da ya mallaki fiye da dala 2,000 yakan rasa tallafin wata-wata da gwamnati ke ba marasa ƙarfi, sau da yawa har da maganin kyauta. Don haka in uba ya bar wa ɗansa gado kai tsaye, sai ya cuce shi. Sai iyaye suka riƙa sa dukiyar a asusun amana, dokar 1993 ta tsara irin wannan asusu, a 2014 kuma aka ƙara wani asusun ajiya na musamman. A 2025 majalisarsu ta rage kuɗin shirin maganin talakawa. Damuwarmu ba irin tasu ba ce, gama mu taimakon ne bai cika isowa ba. Amma darasin ɗaya ne: ko a ƙasa mai arziki doka tana juyawa, mai hankali kuwa yakan yi wa ɗansa rumbu na dabam.

Matakai bakwai

Na ɗaya, a zauna da iyali. Miji da mata su fara shawara, sa'an nan a kira manyan 'ya'ya. A gaya musu a fili cewa za a ware wa ɗan'uwansu wani abu, ba don an fi sonsa ba, sai don su suna da hannun nema, shi ba shi da shi. Maganar da aka ji daga bakin uba ba ta zama rigima a ranar makoki. In yaron yana da hankalinsa, kamar makaho ko gurgu ko kurma, a zauna da shi, a ji ra'ayinsa. Da yawansu ba su bukatar mai riƙo, sana'a da jari suke bukata, da takardar da za ta hana a ƙwace musu rabonsu. Riƙon amana ya fi dacewa da ƙaramin yaro, da wanda ba zai iya lissafin kuɗi ba.

Na biyu, a zaɓi masu riƙo biyu ko uku, kada ɗaya. Ɗaya daga dangin uba, ɗaya daga dangin uwa, ɗaya kuma daga dattawan ikilisiya. A sami aƙalla ɗaya mai ƙuruciya, wanda ake sa ran zai daɗe tare da yaron. A rubuta wanda zai maye gurbi in wani ya rasu ko ya yi ƙaura. Ya fi kyau mai riƙon kuɗi ya zama dabam da mai riƙon yaro a gida, domin kowa ya zama idon ɗan'uwansa. A tambaye su tukuna. Ba a ɗora wa mutum kaya yana barci.

Na uku, a duba irin dukiyar da za a ware. Kada a zuba duka a dabbobi, mun ga abin da ya faru. Kada kuma a zuba duka a tsabar kuɗi, gama a 2024 tsadar kaya ta haura kashi 30 cikin 100 a shekara, kuɗin da aka ajiye ƙarƙashin katifa sun narke kamar kitse a rana. A rarraba. Ɗaki ko shago a cikin gari wanda za a ba da haya yana da kyau, gama haya tana tashi tare da kasuwa. Akwai takardun ajiya na Gwamnatin Tarayya da aka fara sayarwa a 2017, ana saye daga Naira 5,000, ana biyan riba duk wata uku. In gona ce ko fili, a nemi takardarsa daga ƙaramar hukuma ko ma'aikatar filaye, a auna iyaka a gaban shaidu. Asusun banki kuwa a buɗe shi da sharaɗin sai mutum biyu sun sa hannu kafin a fitar da kuɗi.

Na huɗu, a rubuta wasiyya yadda kotu za ta karɓa. Ƙa'idar da kotunanmu ke bi, wadda asalinta dokar Ingila ce ta 1837, ita ce: a rubuta, mai wasiyya ya sa hannu a gaban shaidu biyu suna tare a lokaci guda, su ma su sa hannu a gabansa. Kada wanda zai ci moriyar wasiyyar, ko mijinta, ko matarsa, ya zama shaida, in ba haka ba rabonsa ya faɗi. A nemi lauya ya tsara ta. Kuɗin lauya na yini ɗaya bai kai kuɗin shari'ar shekara biyar ba. A ajiye asalin takardar a ofishin rajistar wasiyya na Babbar Kotu a Sakkwato, kwafi wurin fasto, kwafi kuma wurin wani ɗan'uwa a wani gari, saboda halin da muke ciki na gudun hijira da gobara. Masu hali kuwa su sani akwai kamfanonin riƙon amana masu rajista, waɗansu na bankuna ne, suna yin aikin nan a biya su.

Ku ma'aikata, kada ku ruɗu da sunan da kuka rubuta a fom na ofis a matsayin ɗan'uwa mafi kusa. Wannan suna ba wasiyya ba ne. In babu wasiyya, sai iyali sun nemo takardar izini daga kotu kafin a saki kuɗin fansho ko na banki, abin kuwa yakan ɗauki watanni. Mai farfaɗiya ba ya iya jiran watanni ba magani.

Akwai kuma gidajen da suka haɗa Kirista da Musulmi, ɗa da uba, ko wa da ƙane. A shari'ar Musulunci ba a gado tsakanin masu addini dabam-dabam, amma mutum yana da ikon yin kyauta tun yana da rai, yana kuma da ikon yin wasiyyar da ba ta wuce sulusin dukiyarsa ba ga wanda ba magajinsa ba. In akwai naƙasasshe a irin wannan gida, a yi shawara da lauya da malamai tun da wuri, cikin mutunta juna.

Na biyar, a rubuta sharuɗɗa masu lanƙwasa. Kada a ce, "a ba shi Naira dubu goma a wata," gama ba mu san darajar dubu goma nan da shekara ashirin ba. A ce a biya abincinsa, da suturarsa, da maganinsa, da kuɗin inshorarsa, da kuɗin mota zuwa asibiti, da ɗan abin hasafi ga mai kula da shi. A rubuta cewa masu riƙo su fara neman duk abin da gwamnati ke bayarwa a lokacin, dukiyar amana kuwa ta cike giɓin da ya rage. Da haka ko doka ta faɗaɗa ko ta tsuke, takardar tana nan da amfaninta. A hana sayar da gida ko gona sai da yardar masu riƙo duka. A kuma faɗi inda sauran dukiyar za ta koma bayan ran yaron, ko ga 'ya'yansa in ya haifa, ko ga 'yan'uwansa, ko ga wadda ta yi jinyarsa.

Na shida, a sayi littafi mai bango mai ƙarfi, a rubuta labarin yaron. Sunan ciwonsa, sunan maganinsa da yawan da yake sha, asibitin da ake kai shi da lambar katinsa, abin da yake so, abin da ke firgita shi, yadda ake lallashinsa. Uwa ta san duk wannan a ka, amma ran da ba ta, wa zai sani? A haɗa da takardar haihuwa, da lambar shaidar ɗan ƙasa, da katin inshora, da takardar likita mai shaida naƙasarsa. A ɗauki hotonsu a waya a aika wa masu riƙo.

Na bakwai, a sa ranar lissafi. Sau ɗaya a shekara, misali bayan kaka ko makon Kirsimati, masu riƙo su kawo littafin shiga da fita a gaban mutum biyu da aka ambata a takarda. Wannan ba rashin yarda ba ne. Lissafi yana kāre mai gaskiya daga bakin mutane. Iyaye kuma su riƙa duba takardar duk shekara biyu ko uku, ko in an yi sabuwar doka, ko haihuwa, ko rasuwa, ko sabon aure, gama aure yakan rushe wasiyyar da aka yi kafinsa.

Ga wanda ya ce ba shi da komai

Mun san wani zai ce, "Malam, wannan zancen masu kuɗi ne." A'a. Tela yana da keken ɗinki biyu da ɗaki ɗaya a bakin kasuwa. Ya yanke shawara ɗakin ya zama na yaron, hayarsa ta riƙa sayen magani. Ɗan abin da ba a ware ba shi ne ya fi saurin ɓacewa a ranar rabo. Ko tunkiya biyu ce, a rubuta. Wanda kuwa ba shi da ko tunkiya, yana iya rubuta littafin labarin yaro, ya nemi wanda zai riƙe shi, ya yi masa rajista. Zumuntar mata da ta maza su ma su duba: ƙaramin asusu da ake zuba wa kowane wata saboda maganin irin waɗannan yara zai yi aiki ƙwarai. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Waɗansu kuma suna jin tsoro, wai rubuta wasiyya kiran mutuwa ne, ko rashin dogara ga Allah. Manomin da ya gina rumbu bai raina mai ba da ruwa ba. Wasiyya ba ta rage kwana, rashinta kuma ba ya ƙara ko ɗaya.

Ranar Lahadin da ta wuce mun hangi tela yana fitowa daga sujada, yaron na biye da shi riƙe da sabon littafi mai baƙin bango. Ya ɗaga mana shi daga nesa yana dariya. Uwar ta riga ta cika shafi uku.

Ba a fafe gora ranar tafiya. Iyaye, ku zauna a wannan mako, kada ku bari sai wata mai zuwa.